Awa Ɗaya a Gadar Villazón

Wata tara ke nan rabona da gida.
Jakata ta rame, takalmina ya buɗe baki,
fasfona ya kumbura da hatimai
har ba ya rufuwa sai na ɗaure shi da roba.
Daga Quito na taso da akwatin gyaran agogo:
ɗan hantsaki, gilashin ido guda, man da bai cika cokali ba.
Duk garin da na sauka, agogon wani ya tsaya,
a nan bakina ke samun abin taɓawa.

Motar dare ta zube mu a Villazón
tun zakara bai tuna da aikinsa ba.
Sanyi ya cafki kunnuwana kamar na ci masa bashi.
Iskar nan siririya ce, kana shaƙa tana zillewa,
taku goma sai ka tsaya kana lallashin ƙirji.
Wata tsohuwa mai hula kamar kifaffen kwano
ta miƙo min ganyen koka:
"Tauna, ɗana, kada ka haɗiye."
Ɗaci ya sauka, kai ya daina sara.

Layi ya miƙe har bakin gada.
Gabana ɗalibai biyu suna barci a tsaye,
bayana wani na juya ragowar silallansa,
ya rasa me zai saya kafin su zama ƙarafa.
Rafin da ya raba ƙasashen nan biyu
kare ya tsallake shi ina kallo,
bai jiƙa ciki ba,
ba wanda ya ce masa ina takarda.

Ma'aikacin ya lashi yatsa, ya juya shafi.
"Fermín Chiluisa. Sana'a?"
Na ce gyaran agogo.
Ya dube ni, ya dubi layi, ya kwance nasa:
"Minti shida yake ƙarawa kullum. Surukina ya ba ni."
Na buɗe shi nan kan taga,
mutane na tsaki a bayana,
na taɓa ɗan gashin da ke cikinsa, ya nutsu.
Tim! hatimi ya sauka.
"Kai ma tura naka gaba. Ƙetare takwas ta yi."

Taku arba'in na yi, na ƙirga.
Na bar bakwai a Boliviya, na tarar da takwas a Ajantina.
Ni da nake cin abinci da mintoci,
aka zare min sittin, ko motsi ban ji ba.

Can gefe 'yan dako ne ke sassarfa,
buhunan fulawa a gadon baya, mayafi ya zama igiya.
Ɗaya ta sauke nata kusa da ni tana haki,
Eusebia, in ji mai rubuta buhuna.
Na ce, sau nawa kike ƙetarawa?
"Ashirin, in gwiwa ta yarda."
Na ce, kin san duk zuwa kina asarar awa,
duk dawowa kina tsintar ta?
Ta yi dariya har haƙorin azurfa ya leƙo.
"Ni buhu nake ƙirgawa, malam.
Taka awar tana nan inda ka yar.
Ran da ka biyo ta nan ka ɗauki abarka,
mu ba ma taɓa kayan baƙo."
Ta sunkuya, ta saɓa, ta koma cikin ƙarfe bakwai.

Allon bakin titi ya ce kudu da sauran nisa,
kilomita dubu biyar da ɗoriya.
Ban san ko ta nan zan dawo ba.
Na murza na hannuna, ya bi ƙasar mutane.
Na aljihu, na mahaifina, ban taɓa shi ba.
Shi har yanzu shida yake nunawa,
lokacin da ƙanwata Nélida ke ɗaga ƙofar shago,
ta share ƙura daga teburina,
ta ce wa masu tambaya: yana hanya.